Damin Kaftin Midhat Mai Maganin Kowa

Lokacin da Midhat ya ɗaura aniyar haɗa damin katin da zai yi maganin kowa da kowa a Iskandariya, bai taɓa cin wasa ko ɗaya a gaban shaidu ba. Wannan bai dame shi ba, tunda bai taɓa faɗuwa a gaban shaidu ba ma. Shi dai ba ya zama a kujera. Aikinsa tsayawa a bayan masu wasa, hannu a baya, tumbi yana gogar ƙeyar mutum, yana gaya masa katin da ya kamata ya buga bayan ya riga ya buga wani.

Shagon Ammu Girgis yana unguwar Ibrahimiyya, bayan layin tiram, jirgin ƙasan cikin gari, tsakanin mai gyaran waya da mai suyar hanta. Nan ake buga Hasumiya. Kowa yakan zo da daminsa na kati sittin da ya zaɓa da kansa: mayaƙa, katunan tsafi, da katunan rijiya, waɗanda daga cikinsu ake ɗebo ƙarfin buga sauran. Wanda ya rushe hasumiyar abokin karawarsa shi ya ci. Duk mai hankali ya san sittin ɗin nan ba rowa ba ce. In dami bai yi kauri ba, katin da kake nema ba ya daɗewa bai zo hannu ba.

Tayil Midhat yake sayarwa a wani kanti a Muharram Bek, amma a shagon Ammu Girgis sunansa Kaftin. Ba shi da jirgi, bai taɓa riƙe ƙungiyar ƙwallo ba. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mutane kuma suka karɓa don yana musu daɗin tsokana.

Abin ya samo asali ne wata la'asar da Dakta Nirmin, likitar haƙori, wadda ta fi kowa iya wasa a shagon, take karawa da wani baƙo mai suna Bahgat. Midhat ya leƙa hannun baƙon ta saman kafaɗarsa, ya ja tsaki, ya ce yadda kowa zai ji, "Kana riƙe da Dodon Teku har biyu kake tsoron wannan 'yar wutar tata?"

Bahgat ya juyo ya dube shi, ya dubi katunan da yanzu duk shagon ya san su, ya tattara kayansa ya fice ko sallama babu.

"Kaftin, zo nan," in ji Ammu Girgis daga bayan kanta.

"Ammu, yaron nan ba shi da makoma a wasan nan. Taimakonsa na yi."

"Yaron nan injiniya ne, kuma ba shi ne na farko da ka kora mini ba. Saurara. Ranar Juma'a akwai gasa, zagaye huɗu, wasa ɗaya kowane zagaye. Za ka zauna a kujera kamar kowa. In ka ci zagaye ɗaya, ɗaya tak, bakinka naka ne, ka yi ta zuba har ranar da za a fitar da gawata. In ba ka ci ba, daga bakin ƙofar can zuwa bangon nan ba ka ƙara cewa uffan. Ka shigo, ka sha shayi, ka yi kallo, amma gaisuwa ma da hannu."

"Ɗaya?" Midhat ya dafe ƙirji. "Ammu, zagina kake yi a gaban mutane. Ka ce huɗu."

"Ɗayan ya ishe ni."

"Karɓi ɗayan, Kaftin," in ji Nirmin tana zuba katunanta a akwati. "Sana'ata duba bakin mutane, ban taɓa ganin bakin da ke neman hutu kamar naka ba."

Aka yi musabaha a gaban kowa. Sai da Midhat ya fito titi abin ya ɗan taɓa shi, don shi mutum ne da zai iya kwana da yunwa amma ba zai iya ganin kuskuren wani ya yi shiru ba. In aka ƙwace masa baki a shagon nan, ba shi da sauran inda ake sauraronsa, ko da kuwa dole ce take sa a saurara.

Mutum ɗaya ne a duniya ya yarda da shi, wato Safwat, ƙanin matarsa, direban tasi. Midhat ne ya haɗa wa Safwat daminsa, kuma tun ranar Safwat bai sake cin wasa ba, abin da su biyun suka yarda rashin sa'a ne. A cikin tasin, suna bin titin bakin teku, Midhat ya warware masa shirinsa.

"Ka san abin da ke damun 'yan wasan garin nan? Kowa don kansa yake haɗa dami. Ni don su zan haɗa nawa. Nirmin da me take wasa?"

"Wuta."

"Garkuwar Ruwa sha biyu, an gama da ita. Ustaz Ra'uf fa?"

"Ƙasusuwan nan masu tashi daga kabari."

"Katin Rufe Kabari sha biyu. Hazim da tsuntsayensa, Ragar Maharbi ashirin, don yaron nan ba shi da kunya."

"Kaftin, Hazim ya tafi Kuwait aiki."

"In ya sauka ranar Juma'a fa? Kai za ka tare mini shi a filin jirgi?"

Safwat ya kauce wa wata bas. Can ya ce, "Amma fa sittin za ta cika tun ba a zo rabin mutane ba."

"Wa ya ce sittin? Doka cewa ta yi kada ya gaza sittin. Ba ta ce kada ya wuce ba. Duk shekarun nan ba wanda ya karanta wurin da idon basira sai ni."

Haka ya bi 'yan shagon ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya daina zuwa tun da ya yi aure, kowa ya ware masa maganinsa. Da ya gama, damin ya kai kati ɗari biyu da arba'in. Da ya ga tudun ya fara karkacewa sai ya ce a rage nauyi, ya shiga zare katunan rijiya yana jefarwa gefe.

"Kaftin, ba da rijiya ake buga sauran ba?"

"Ka taɓa ganin rijiya ta rushe hasumiya? Malalatan kati ne, zama kawai suke yi a tebur. Na bar 'yan kaɗan saboda al'ada."

Matsala ɗaya ce ta rage. Kowane kati yana cikin rigarsa ta leda, sabuwa fil, mai santsi, kuma tudun ya fi ƙarfin tafin hannun Midhat. Sausan matarsa ta fito daga kicin ta tarar da shi zaune a falo ya rungume daron da take kwaɓa fulawa, ya zuba katunan ciki yana juya su da hannu biyu.

"Midhat, darona."

"Ranar Asabar za ki samu abinki, tare da kofi."

"Kofin me?"

"Na gasa."

"In dai ana iya kwaɓa fulawa a cikinsa, to. In ba haka ba, ka dawo mini da daro."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mutum goma sha shida suka hallara. Rabinsu ba don kofin suka zo ba. Midhat ya shigo a ƙarshe, sanye da kwat, daro a ƙugu, Safwat yana biye da shi da kwalin alewa da aka cika da kati. Ya ɗaga wa jama'a hannu, ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ba wanda ya manta da shi.

Ammu Girgis shi ne alƙalin gasa. Ya dubi kwalin, ya dubi daron.

"Mene ne wannan?"

"Dami. Buɗe littafin doka, Ammu, in nuna maka. Babu iyaka ta sama."

"Babu," in ji Ammu Girgis, ya sa tabarau. "Ka karanta layin da ke ƙasa da shi?"

"Ƙananan rubutu ne."

"Ya ce matuƙar mai damin zai iya gauraya shi da hannunsa, ba taimakon kowa, ba taimakon komai. Fitar mini da daron nan."

"Hannu ne zai shiga cikin daron ai."

"Kaftin, nan ba gidan burodi ba ne."

Ƙuri'ar zagayen farko ta haɗa shi da Nirmin. Ya zauna, karo na farko da aka taɓa ganin bayansa ya taɓa kujerar shagon, ya raba tudun biyu, ya ɗaga kowane rabi a hannu ɗaya, ya dubi jama'a don ya tabbatar ana kallo, ya matse. Katunan suka yi tsalle sama. Fanka ta karɓi rabonta ta watsa wa kowane teburi. Biyu suka faɗa shayin Ustaz Ra'uf, ɗaya ya bi ta ƙofa, sai ga mai suyar hanta ya shigo da shi riƙe da yatsa biyu yana ɗigar mai.

"Na wane ne wannan? Ya kusa shiga burodin wani."

"Ragar Maharbi ce," in ji Safwat. "Ta Hazim."

Ammu Girgis ya ce kati mai maiƙo kati ne mai alama, sai an sake masa riga. Aka sake. Midhat ya durƙusa ƙarƙashin tebura yana tsince-tsince, yana bayani daga can ƙasa cewa a manyan gasanni haka ake yi da gangan don a karya zuciyar abokin karawa. Nirmin ta ce tata zuciyar lafiya lau, ya ci gaba. Daga ƙarshe ya kasa katunan kashi-kashi a tebur kamar mai sayar da tumatir, ya haɗe su, alƙali ya ce ya yarda don dai a fara.

Ya ja katinsa bakwai na farko. Raga huɗu, Rufe Kabari biyu, rijiya ɗaya. Ya yi murmushi irin na wanda ya san abin da yake yi, ya ajiye rijiyar, ya ce, "Bismillah, Dakta. Ki yi abin da za ki iya."

Ta yi. Ta ajiye rijiya ta jefo ɗan wuta. Ta ƙara rijiya ta jefo biyu. Shi kuwa duk katin da ya ja sai ya fito na wani ne: ga maganin wanda ya yi aure, ga wata ragar. Kafin shayinsa ya huce hasumiyarsa ta zama toka, bai buga komai ba in ban da rijiyar nan.

Bai miƙa hannu ba tukuna. Ya shiga bankaɗa damin kati-kati har ya iso inda yake so, ya ɗaga sama.

"Ga ta nan. Garkuwar Ruwa. Kati arba'in kacal ya rage in iso ta. Da kin yi wasa irin na masu natsuwa, da kin gane kurenki."

"Ka yi haƙuri, Kaftin, gobe da safe ina da marasa lafiya."

Zagaye na biyu aka haɗa shi da Ustaz Ra'uf, malamin tarihi a makarantar sakandare, mutum mai sanyin magana wanda har yanzu yake tsamo leda daga shayinsa. Wannan karon Allah ya amsa addu'ar da Midhat ya yi a zagayen farko. Garkuwar Ruwa ta zo, ta sake zuwa, ta kuma zuwa. Ya samu rijiyoyi biyu, ya shiga jera garkuwoyin a gabansa cikin isa.

"Kaftin," in ji Ra'uf a hankali, "babu wuta a damina. Ko ashana babu."

"Rigakafi ne, Ustaz. Kai tarihi ka sani, ni gaba nake hange."

"Na gode da ka tuna da ni," in ji Nirmin daga teburin gefe, ba ta ko ɗago ba.

Ƙasusuwan Ra'uf suka ratsa ta tsakanin garkuwoyin kamar ba a ajiye komai ba. Midhat ya samu ya kashe ɗaya, ya miƙe tsaye ya sanar da shagon, ƙashin ya tashi daga kabari ya dawo bakin aiki. Da hasumiyar ta faɗi, Ra'uf ya tambaye shi cikin ladabi ko gaskiya ne an tanadar masa kati sha biyu, don yana so ya ga ko ɗaya ne kafin ya tafi gida.

Yanzu kwat ta sauka, an rataye ta a bayan kujera. Midhat ya ja Safwat gefe ya tambaye shi yadda ake ciki.

"Na faɗi ɗaya, ɗaya kuma lokaci ya ƙare mana aka tashi canjaras."

"Ka gani? Damin yana aiki. Ni kuwa sakin jiki nake so su yi. Dabara ce."

Abokin karawarsa na uku Bahgat ne, injiniyan da ya kora. Ammu Girgis da kansa ya buga masa waya, mutumin kuma ya bar walimar gidan surukansa ya zo. Ya zauna, ya manna katunansa a ƙirji, ya ce, "Yau daga gaba za ka gan su, ɗaya bayan ɗaya."

A nan ne sa'a ta ɗan leƙo Midhat. Ya ja katin Manzo, wanda yake ba mutum izinin ya bincika daminsa duka ya ɗauko katin da ya ga dama. Ya buga shi da ƙarfi har kofuna suka motsa. Sai ya jawo tudun ya fara dubawa. Mai kati sittin yakan gama wannan kafin a kurɓi shayi sau biyu. Midhat kuwa kowane kati sai ya tsaya ya gaishe shi, ya gaya wa Bahgat wanda aka tanadar wa shi da laifin da ya yi. Ya ware uku, ya mayar da biyu, ya sake ɗauko su.

"Ammu," in ji Bahgat, "in je in dawo? An ajiye mini abinci."

Ammu Girgis ya ƙwanƙwasa agogonsa. Midhat ya zaɓi Sarkin Guguwa, kati mafi ƙarfi a damin, ya nuna wa jama'a hagu da dama.

"Madalla," in ji Ammu Girgis. "Wanda ya bincika dami sai ya sake gaurayawa."

Wani ya yi maza ya kashe fanka, Ra'uf ya rufe kofinsa da tafin hannu, mai suyar hanta ya janyo ƙofarsa. Duk da haka sai da aka tsinto kati a cikin takalmin wani. Da ƙura ta lafa, Midhat ya ɗaga Sarkin Guguwa zai buga.

"Rijiya bakwai yake ci," in ji Bahgat. "Nawa gare ka?"

Midhat ya dubi tebur. Biyu ne, kuma ɗayar ya riga ya ɗebe ta wajen aiken Manzo. Sarkin Guguwa ya zauna a hannunsa har Dodon Teku na biyu ya gama da hasumiyar. Bahgat ya miƙa masa hannu ya ce bai yi nadamar walimar ba.

Zagaye ɗaya ya rage. A karo na farko tun da aka san shi Midhat ya zauna bai ce komai ba, yana share gumi da hannun riga, kuma tsoro ne sosai ya kama shi. Sai wayar wani ɗan wasa ta yi ƙara: matarsa ce, bututun ruwa ya fashe a gida. Mutumin ya janye daga gasar ya fita da gudu.

Ammu Girgis ya ƙirga waɗanda suka rage, fuskarsa ta canja. Sha biyar. A dokar gasa, in mutane ba su rabu biyu-biyu ba, wanda yake can ƙarshen jeri ba a haɗa shi da kowa, sai a rubuta masa nasara kyauta. Ba sai an duba allo ba kafin a san wanda yake can ƙarshe.

Midhat ya fi kowa saurin ganewa. Ya miƙe, ya mayar da kwat, ya gyara wuya.

"Ammu, me doka ta kira wannan?"

Ammu Girgis ya ce ƙasa-ƙasa, "Nasara."

"Ban ji ba, hayaniyar tiram."

"Nasara, Kaftin."

"To ku saurara, ku da kuke dariya. Kuna tsammani faɗuwa nake yi? Ƙarshen jeri nake nema tun zagayen farko. Wannan ita ake kira dabara mai nisa. Daga gobe zan buɗe darasi a teburin can, kyauta, kuma da ke zan fara, Dakta, don yadda kike jefa wutar nan babu tsari."

Nirmin ta ci wasanninta uku, kofin yana gabanta, saura ta miƙa hannu. Ta dubi kofin a kan kanta, ta dubi bakin Midhat da ke ta motsi. Ta rufe akwatin katinta.

"Ammu, cire sunana. Na janye."

"Dakta, kofin fa?"

"Ina da kofuna a gida. Kunne biyu kawai gare ni."

Sha huɗu. Shagon ya ɗauki tafi, Ra'uf ya tashi ya ba ta kujerarsa. Midhat ya ce wannan maƙarƙashiya ce, zai kai ƙara Alƙahira. Ammu Girgis ya ce ya kai, amma ya fara zama, don na ƙarshe da mai bi masa za su kara. Mai bi masa kuwa Safwat ne.

Midhat ya ji sanyi a ransa. Ya san damin Safwat ciki da waje, ya san babu abin tsoro a ciki, tunda shi ya haɗa.

"Kaftin, ni ba na son wannan," in ji Safwat a hankali. "In miƙa wuya kawai?"

"Wanda ya miƙa wuya da gangan, shi da wanda aka miƙa wa duk na kore su daga gasa," in ji Ammu Girgis, wanda kunnensa ke nan kusa.

"Wa ke neman sadaka?" in ji Midhat. "Buga wasanka, yaro."

Ba a taɓa yin wasa mai muni irin wannan a shagon ba. Dami biyu, maƙeri ɗaya. Wannan ba rijiya, wancan ba mayaƙa, suka yi ta ja suna ajiyewa. Sauran tebura duk suka gama, Ra'uf ya ci kofin ba wanda ya lura, jama'a suka kewaye su. Ammu Girgis ya tuna wa kowa cewa ɗan kallo ba ya magana a wasan gasa, ko tari mai ma'ana ba a yarda ba.

A hankali rijiyoyi suka taru wa Midhat, don ko dami irin nasa in aka daɗe ana ja sai an dace. Ya sauke Giwar Ƙarfe, ta shiga dukan hasumiyar Safwat har saura bugu ɗaya ta faɗi. Tasa hasumiyar ma ta sha ƙananan duka, saura maki uku, amma bai damu ba. In Safwat ya yi wannan bugun nasa ya gama, sai giwa ta ƙarasa aiki, baki ya tsira.

Abin da Safwat yake da shi a tebur bai taka kara ya karya ba: wani ɗan soja mai suna Mai Fitila, da katin Gangar Mai da ya ajiye tun farkon wasa ya manta, har ya ɗora makullin tasinsa a kai. In aka haɗa Mai Fitila da gangar, takan fashe ta ci maki uku daga hasumiyar abokin gaba. Kowa a shagon ya gani. Nirmin ta cije leɓe, Bahgat ya juya ya kalli bango. Midhat ma ya gani.

Safwat bai gani ba. Ya ɗaga Mai Fitila, ya ajiye. Ya sosa kai. Ya sake ɗagawa ya nufi giwar da shi, inda za a take shi a banza. Midhat ya sa hannu ya toshe bakinsa. Wannan shi ne irin kuskuren da ya shekara da shekaru yana rayuwa a kansa, ga shi a gabansa tsirara, kuma shi kaɗai doka ta yarda ya yi magana a wurin. Ya ciji yatsa. Ya ɗauki guntun burodin wani ya cusa a baki.

Safwat ya dubi jama'ar da suka zuba masa ido, ya ga kamar suna neman bayani.

"Zan kai wa giwar hari," ya ce. "Kaftin ne ya koya mini. Ya ce soja ba ya zaman banza, ko me ke gabansa ya tunkare shi. Duk abin da kuka ga ina yi a wasan nan, koyarwarsa ce."

Wani ya yi 'yar dariya ta hanci. Ita ce ta ƙarasa Midhat. Ya haɗiye burodin da ƙyar, ya buga tebur.

"Ni na koya maka wannan haukan? Kada ka ɓata mini suna a gaban mutane. Gangar da ke ƙarƙashin makullinka ta ado ce? Ka kai mata fitilar mana! Uku take ci, ni kuma uku ya rage mini, ko lissafin ma sai na..."

Ya tsaya, bakin a buɗe.

Safwat ya ɗaga makullin, ya karanta katin yana bin rubutun da yatsa, fuskarsa ta washe. Ya ɗora Mai Fitila a kan gangar.

"Haka, Kaftin?"

Ammu Girgis ya ce wasa ya ƙare.

"Shawara mai kyau," in ji Nirmin. "Tun da na san ka, ita ce ta farko."

Midhat ya miƙe. "Ai abin da ya faru shi ne..."

Ammu Girgis ya ɗaga yatsa ɗaya, ya nuna bango, ya nuna ƙofa. Midhat ya dubi fuskokin da ke kewaye da shi ko zai ga mai roƙa masa, bai ga ko ɗaya ba. Ya taka a hankali zuwa ƙofa, ya tsallake dokinta, ya tabbatar ƙafafunsa biyu suna kan titi, sannan ya juyo ya cika ƙirji da iska ya fara daga zagayen farko.

Ammu Girgis ya taso ya rufe ƙofar gilashin, ya murɗa makulli. Daga ciki ana ganin bakin yana buɗewa yana rufewa, hannu yana zana Garkuwar Ruwa a iska, amma ba a jin komai sai ƙarar cokali a kofin shayi.

Safwat kaɗai bai yi dariya ba. Yana zaune da nasararsa ta farko tun da Midhat ya haɗa masa dami, yana kallon tasinsa ta gilashi, da mutumin da ya jingina da ita yana jiran a kai shi gida. Ya tura makullin tasin cikin aljihu, ya matso kusa da kanta.

"Ammu," ya ce ƙasa-ƙasa, "ƙofar bayan nan tana fita wajen tashar tiram?"